Garwashin da na binne a lambun Hajiya

Tun ina yaro a Kano na san abu biyu game da wuta: toka tana ɓoye ta, ƙasa tana kashe ta. Mai tsiren unguwarmu in ya tashi daga aiki, turɓaya yake turawa a kan garwashi da gefen ƙafa, ya ɗauki tirensa ya yi gaba, ko waiwaye ba ya yi. Da wannan ilimin na hau jirgi na zo New York, na yi shekara goma sha ɗaya ban sami dalilin sake duba shi ba.

Muna zaune a Mount Hope, cikin Bronx, a wani bene mai hawa shida, layi biyu daga babban titin Grand Concourse. Ni da matata da 'ya'yanmu biyu muna hawa na farko, tagar kicin ɗinmu tana kallon bayan gida. Bayan gidan ba wani abin kallo ba ne, fili ne na siminti tsakanin bangonmu da katangar maƙwabta, inda ake jera duroman shara. Aikina gadi ne a wani dogon ginin ofisoshi a Manhattan. Saboda aikin an taɓa tura ni kwas na kwana biyu kan kiyaye gobara, aka ba ni ɗan kati mai hotona. Katin nan kullum yana aljihuna. Babu wanda ke gininmu da bai gan shi ba, har waɗanda ba su nemi gani ba.

Lambun na Hajiya ne. Hajiya 'yar Zangon Kumasi ce, tana hawa na uku, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma ba ta bari in manta. Ita ta matsa wa sufa, wato mai kula da ginin, wani dattijo mai jin Sifaniyanci, har ya gaji ya yarda a ƙera akwatin katako a jikin bangonmu. Tsawonsa taku takwas, zurfinsa ya kai cinya. Aka cika shi da ƙasar buhu, irin wadda ake sayarwa a kantin masu shuke-shuke. Ni na yi dakon buhunan daga mota. Na saɓa biyu a kafaɗa ɗaya na ji kamar auduga na ɗauka, na ce wa Hajiya ashe a Amurka har ƙasa ma ba ta da nauyi.

"Ƙasan masu ilimi ne," in ji ta. "Ba irin naku mai karya wuya ba."

Ta raba lambun yadda ta ga dama. Rabi nata, ta shuka barkono da gauta da gwaza, wadda ganyenta take so don miya. Kusa da ita ta ba wani Badamagare da ke hawa na biyu wuri kamar faɗin sallaya, ya shuka na'ana'a saboda shayinsa. Wannan mutumin yana da tebur a Harlem, yana sayar da huluna da tabarau da turare, kuma tun ranar da ya ji ni Bakano ne ya daina kirana da komai sai "bawana". Ni ma ban rage masa ba. Ragowar wurin na matata ne, can ƙarshe, ƙarƙashin tagarmu, inda bango ya haɗu da katanga. Ta shuka alayyahu da yakuwa.

A kakar da nake ba da labari, ruwan sama ya ɗauke makonni. Ganyen bishiyoyi ya bushe ya zube, kana takawa yana ƙaras-ƙaras, a rediyo ana ta roƙon mutane su rage ɓarnar ruwa. Matata ta riga ta cire yakuwarta ta shanya, don haka kusurwar ƙarshe ta zama fili, babu mai ba ta ko ɗigo.

Wata Lahadi kwaɗayin tsire ya kama ni. Ba irin na gidan abinci da ake gasawa a gas ba, na gawayi nake so, wanda hayaƙi ya ratsa. Na sayo nama a Harlem, matata ta fito da yajin ƙulin da yayarta ta aiko mata, na ari kurfotin Badamagare. Sufa ya hana kunna wuta a bayan gida, amma kowa ya san ranar Lahadi daga coci gidan ƙanwarsa yake wucewa, ba ya dawowa sai wajen biyar. Muka gasa, muka ci, aka kai wa Hajiya nata sama. Badamagare ya share tsinke shida, ya ce ba laifi, ashe Bakano ya iya wani abu ban da surutu. Ya tafi sallar la'asar ya bar ni da kurfoti cike da garwashi, ga biyar saura kwata.

Na tsaya ina shawara da zuciyata. In na juye a shara, ledoji za su kama. In na kwara ruwa, tururi zai tashi, baƙin ruwa ya ɓata siminti, sufa kuwa ya san simintin nan kamar yunwar cikinsa. Sai idona ya faɗa kan kusurwar matata. Ga ƙasa nan zaune a banza. Na ɗauki 'yar fartanyar Hajiya na haƙa rami kamar kamu ɗaya, na juye garwashin, na mayar da ƙasa, na daddaɓe da tafin hannu. Har na yaba wa kaina. Na ce gawayin ma taki zai zama.

Litinin lafiya lau. Talata da safe matata ta tsaya a kicin tana ɗaga hanci.

"Maigida, ba ka jin ƙauri?"

Na ji. Ba ƙaurin itace ba ne, ba na girki ba. Wani wari ne mai nauyi, kamar an sa tsohuwar tabarma mai danshi a wuta. Ta duba murhu, ta leƙa bayan firji, ta bi soket-soket na gidan tana shinshinawa. Ni kuwa na ce ta kwantar da hankalinta, ai akwai masani a gidan. Wallahi ko sau ɗaya garwashin Lahadi bai faɗo mini a rai ba. A wajena wannan wutar ta mutu, an yi mata sutura.

Da na dawo daga aiki na sami sufa, na nuna masa katina karo na barkatai, muka sauka ƙasan gini tare. Muka zagaya tukunyar ɗumama ɗakuna, muka tattaɓa bututu, muka leƙa ɗakin mita. Babu komai. Muka bi hawa-hawa muna shinshina ƙofofin mutane kamar karnukan farauta. A hawa na uku na ji ƙamshin bandar kifi, na ƙwanƙwasa. Hajiya ta buɗe da ludayi a hannu.

"Hajiya, ina wuni. Ba wani abu ba ne, warin nan muke bi. Na ce ko kifin nan da kike ɗumamawa..."

"Ei, Malam!" Ta dafe ƙirji. "Shekara tara ina dafa kifi na a gidan nan, yau ne ya zama gobara? Ran da ka cinye kwano biyu da dokunu, tuwon masara namu na Kumasi, hanci naka ya je hutu ne?"

Sufa ba ya jin Hausa, amma ya ga ludayin. Ya ja hannuna muka sauka.

Laraba kyanwoyi suka zo. Safiya ta fara sanyi a lokacin. Matata ta leƙa taga ta ga guda uku kwance a kusurwarta, sun miƙe ƙafafu, idanu a lumshe, kamar gadon ubansu. Kyanwoyin layi ne masu gudun mutum, amma ta yi ta kora suka ƙi tashi, sai da ta jefa tsintsiya. Kafin ta rufe taga sun dawo. Da yamma alayyahun da ke kusa da inda suka kwanta ya yi laushi, ya sunkuyar da kai. Ta ja guda ɗaya, ya biyo hannunta ba gardama. Babu saiwa, gindin ya yi baƙi.

Alhamis kyanwoyin suka zama biyar, kuma sun matsa gaba da taku guda. Alayyahu ya ƙare. Juma'a da safe aka same su a gefen na'ana'ar Badamagare, kafin a sauko daga masallaci rabin na'ana'ar ta kwanta.

"Bon, ni na gane mi ke faruwa," in ji Badamagare, yana riƙe da mataccen ganyensa. "Idon Bakano ne. Ran Lahadi na gan shi yana kallon na'ana'ata yana haɗiyar yawu."

Shi wasa yake yi. Hajiya kuwa da gaske take.

"Kyanwa nan ba kyanwa ba ne," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ku duba da kyau. Inda suka kwanta yau, gobe wurin ya mutu. Kuma wajen barkono na suke tahowa. Wani ne ya aiko su."

Ta ma san wadda ta aiko su, wata mata da suka yi sa-in-sa a wajen wani suna a Harlem kan wa zai raba shinkafa. Hajiya ta barbaɗa dakakken barkono a kan iyakarta. Kyanwoyin suka yi atishawa suka gyara kwanciya. Sai ta ɗebo bokiti biyu, ta yi tofi a ciki, ta kwara wa akwatin daga wannan kai zuwa wancan, ta ce masu rediyo su yi haƙuri. Ina tsaye ina kallo. Ruwan ya taru a sama yana ƙyalli, ya gangara gefe, ya zurare ta tsagar katako kamar an zuba a kan leda. Na tsoma yatsa a wajen barkononta, gaɓa ɗaya ce a jiƙe, ƙarƙashi busasshe kamar garin rogo. Duk da haka warin ya ragu a wannan yammacin. Na ce wa matata dama na san abin zai wuce da kansa.

Asabar da safe ya dawo, har ya fi na da.

Bayan azahar sufa ya tara mu a bayan gida, ya ce in ba a gano abin nan yau ba, zai kira mai gidan. Ga shi, ga Hajiya, ga Badamagare da bai fita kasuwa ba don kada a yi ba shi. Matata tana taga, wasu maƙwabta ma sun leƙo daga sama. Na ga taro ya yi taro, na gyara murya. Na yi musu bayanin da aka yi mana a kwas, cewa wuta abu uku take bukata: abin ci, iska, da zafi. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turanci saboda sufa.

"Wuta ba ta iya ɓuya," na ce. "In akwai ta, za a ga harshe. In ba a ga harshe ba, za a ga hayaƙi. To wa ya ga hayaƙi a nan?"

"Ni dai da sassafe na ga kamar wani abu yana tashi daga akwatin," in ji matata daga taga.

"Raɓa ce," na ce. "Rana ce ke ɗauke ta."

Na sanar da su sakamakon bincikena: mutanen bayan katanga ne ke ƙona wani abu a ɓoye, iska tana kawo mana. Kuma yanzu zan hau in leƙa in kama su. Wurin hawa mafi sauƙi shi ne kusurwar matata. Saman ƙasar lumui yake, har da sawun kyanwa a kai. Na ɗora ƙafar dama, na ɗago ta hagu, sai ƙasa ta buɗe. Ƙafata ta zurma har ƙwauri cikin wani abu mai laushi kamar gari, kafin in ce mene ne wannan, zafi ya cafke ni.

Ban san na iya tsalle irin wannan ba. Na dai tsinci kaina a kan duron shara ina salati, ƙafa ɗaya ba takalmi. Daga ramin farar toka ta tashi, wani hayaƙi mai kauri ya biyo ta, warin kwana biyar ya fito gaba ɗaya. Matata ta sauko a guje da bokitin ruwa ta tsoma ƙafata a ciki. Badamagare ya yi dariya har ya zauna a siminti.

"A kira pompiye!" yana faɗa yana share hawaye. "Masani ya gano wuta da ƙafarsa!"

Sufa ya riga ya kira 'yan kwana-kwana. Ba a daɗe ba motoci biyu suka tare layinmu, jama'a suka cika baranda da tagogi. Shugabarsu mace ce, gajeriya mai faɗin kafaɗa. Ƙafata ta fara dubawa. Ƙafar ta yi ja, ga ƙuraje biyu sun tashi a idon sawu, aka shafa mini magani aka naɗe. Sannan ta fito da wata na'ura mai mariƙi, mai ganin zafi, ta haska akwatin, ta kira mu mu gani. A fuskar na'urar kusurwar matata ja ce, can ƙarshen Hajiya shuɗi ne, a tsakiya kuwa, ƙarƙashin na'ana'a har zuwa layin farko na barkono, ga wata ɗamara fara fat tana haske. Ta ɗora yatsa a kai ta ce a nan wutar take ci yanzu.

Na ce, "Madam, amma ai ƙasa ce. Ƙasa ba ta cin wuta."

Ta je ɓangaren da bai ƙone ba ta damƙo, ta murtsuke a tafin hannuna. Na duba da kyau, karo na farko tun da na yi dakonsa. Babu yashi, babu tsakuwa, zare-zare ne kawai masu ruwan ƙasa, kamar busasshiyar taba. Ta ce yawancin abin da ke cikin buhunan nan ba ƙasa ba ne, sunansa fit.

"Ah, turbu!" in ji Badamagare, wai da Faransanci. "Mun yi shi a lakwal." Kwana biyar yana shaƙar warinsa bai tuna da karatun ba.

Matar ta yi mana bayani tana yi tana ba mutanenta umarni. A ƙasashen arewa masu sanyi akwai manyan fadamu, inda gansakuka da ciyawa ke mutuwa su nutse a ruwa. Ruwan ya hana su ruɓewa sosai, sai su yi ta taruwa wani kan wani, shekaru dubbai. Shi ake haƙowa a busar a zuba a buhu, don shuka tana son sa. Muddin yana da danshi, lafiya lau. In ya bushe ƙayau, ya zama makamashi, kuma ya daina shan ruwa da sauƙi, shi ya sa bokitin Hajiya bai kai ko'ina ba. Wutarsa ba ta yin harshe. 'Yar iskar da ke ratsa tsakanin zarurrukan ta ishe ta. Tana ci a hankali kamar sigarin da aka ajiye aka manta, tana yin ƙasa tana yin gefe, ta cinye saiwoyi, ta bar kogo, ɓawon sama kuwa yana nan kamar ba abin da ya faru. Ta ce a dazuzzukan arewa irin wannan wutar takan shige ƙarƙashi, a ɗauka ta mutu, ƙanƙara ta sauka ta rufe wurin, ita kuwa ta yi duk hunturu tana ci a ɓoye, in ɗumi ya dawo ta ɓullo a wani wuri daban. Ta tuna mana ranar da sararin garin nan ya koma ruwan goro da rana tsaka saboda hayaƙin dazuzzukan Kanada. Ta ce a can akwai wuraren da wannan abin ne ƙasarsu, zurfinsa ya fi tsayin mutum.

Na juya zan fassara wa Hajiya.

"Na ji," ta ce. "Turanci na ya fi naka." Ta matsa kusa da matar ta tambaye ta, to kyanwoyin fa?

Matar ta yi dariya. Ta ce ɗumi suke bi, da ita ce kyanwa a wannan sanyin, nan za ta kwanta. Hajiya ta gyara mayafi. Daga baya na ji ashe tun daren Juma'a ta riga ta aika wa matar Harlem saƙon murya mai tsawon minti bakwai.

"Amma ba ya kamawa da kansa a irin wannan akwatin," in ji shugabar. "Wani ya sa abu mai zafi a ciki. Guntun sigari, ko gawayi. Wa ke amfani da gawayi a nan?"

Sai a lokacin Lahadi ta dawo mini gaba ɗaya, da fartanya, da rami, da yadda na daddaɓe. Kafin in buɗe baki, duk idanu sun koma kan Badamagare, mai shayi, mai kurfoti. Hajiya ta juya kansa da dukan jikinta.

"Kai! Dama na sani. Kai da shayi naka!"

"Wallahi Hajiya, tun da sufa ya hana, a kicin nake dafawa! Bawana, gaya musu!"

Ba zan ɓoye ba, na ɗan jinkirta. Ba kullum Bakano ke samun Badamagare a irin wannan hali ba. Ina cikin jinkirin ne ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan, wanda ke haƙa kusurwar, ya ɗago shebur. A kai ga silifata ta narke ta dunƙule, ga gutsattsarin gawayi, ga kuma tsinken tsire na ƙarfe mai lanƙwasasshen kai. Matata ta miƙa hannu, ya sanyaya shi a bokiti ya ba ta. Ta juya shi ta sake juyawa.

"Tun Lahadi nake neman na goma sha biyun," ta ce. "Ashe nan ka ajiye mini shi."

Na faɗi gaskiya, da Hausa, sannan da Turanci saboda sufa. Babu wanda ya katse ni. Badamagare ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah da ya nuna masa wannan rana.

Shugabar ba ta yi mini faɗa ba. Ta kira ni gefe ta nuna mini cikin katakon, wanda suka kwashe tokar da ke jikinsa. Ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, abin da ya rage bai fi kaurin farce biyu ba. Ta ce da wutar ta huda katakon ta sami iska sosai, a nan za ta yi harshen da nake nema. Ta ɗaga kai, ni ma na ɗaga. Tagar kicin ɗinmu ce a sama, da labulenta, kusa da ita tagar ɗakin yara. Matata tana bayana, ita ma ta gani. Ta daɗe tana kallon katakon, sannan ta ɗauki bokitinta ta hau sama. Wannan tafiyar tata ta fi ƙunar ƙafar ciwo.

Sun fi awa guda suna aiki. Suka kwashe akwatin kaf, suka baza a siminti, suna feshi suna juyawa da shebur har ya koma kamar kwaɓin gini. Hajiya tana gaban shebur tana tsinke barkono da gauta tana zubawa a mayafi, tana yi tana magana da Turancin Kumasi da ba na so in fassara. Kafin su tafi suka ce kwana uku, safe da yamma, a riƙa juya kwaɓin ana taɓawa da hannu, duk inda aka ji ɗumi a fasa a jiƙa. Sufa ya miƙo mini shebur. Ya ce ni ne mai kati.

Na ɗauka sun cika tsoro ne, bayan duk ruwan da suka zuba. A rana ta biyu da yamma, ina ɗingishi ina juyawa, na ci karo da wani curi kamar dunƙulen fura. Bayansa a jiƙe yake, amma da na riƙe na ji ɗumi. Na fasa shi da bakin shebur. A tsakiya ga ja, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, iska ta taɓa shi ya ƙara haske. Na tsuguna ina kallonsa. Na jefa shi a bokiti, ya yi cuu, ya taso sama yana yawo, sai da na danne shi da sanda har ƙasa na riƙe.

A wannan makon na kira yayana da ke noma a ƙauyenmu, na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe.

"Ƙasa ta ci wuta?"

"Wallahi, Yaya."

"Kwana shida?"

"Kwana shida."

Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "To ku a me kuke binne mutanenku?" Na yi ta bayanin gansakuka da fadama, ya ce in dai riƙa samun barci isasshe, aikin gadi yana taɓa mutum.

Hajiya ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata da abin da ya wuce "lafiya". Ta ɗauki kwanon barkonon da ta ceto ta kai wa matar Harlem da kanta, ban san abin da suka ce wa juna ba, na dai ga ta dawo da kwanon cike da cincin. Badamagare kuwa ya baza labarin daga teburinsa. A masallaci mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa ba ni hannu suna tambayar ya ƙafa. Matata ta huce a hankali, amma ta kwashe tsinkunan tsiren ta aika wa wata ƙawarta a Staten Island, sai an hau jirgin ruwa kafin a kai gare su.

Da sanyi ya wuce Hajiya ta yanke mini hukunci. Zan ƙera sabon akwati, nesa da bango, kuma a wannan karon ƙasa ta gaske za a zuba, a gauraya da yashi da taki. Na yi Asabar uku ina dako, buhu ɗaya-ɗaya, ina hutawa a matakala. Tana zaune a kujerar roba tana nuna mini inda zan juye.

Ranar da muka gama, sufa ya zo da takarda daga mai gidan, sanarwa da Turanci da Sifaniyanci, cewa an hana binne gawayi ko guntun sigari a cikin lambu. Ya ce mai gidan yana so a ƙara da yaren mutanenmu, kuma an ce masa ni na fi kowa iya rubutu. Na zauna na rubuta da hannuna, aka sa a leda aka manna a ƙofar bayan gida.

Kwanan baya wasu sababbin baƙi suka tare a hawa na huɗu, mutanen Maraɗi. Ina taya maigidan shigar da kaya, ya tsaya ya karanta sanarwar har ƙasa, ya yi dariya.

"Malam, wane mahaukaci ne zai binne wuta a lambu har sai an rubuta masa?"

Na ce masa duniya da faɗi take, ya kama wancan gefen katifar mu hau.